Lafiya Uwar Jiki: Jirin da ke zuwa ya tafi, ɗan'uwan ciwon ɓarin kai

 

A kakar albasar da ta wuce, wani Alhaji ɗan kasuwa na kwarin Tarka, cikin gundumar Madawa, yana tsaye gindin babbar mota ana loda buhunan da za su Abijan, sai ya ga ƙasa ta karkace, motar da buhunan da ƴan dako duk suna kewaya shi. Ya dafa taya ya zauna, amai ya biyo baya. Aka kwashe shi zuwa gidan likita, aka auna tansiyo aka tarar daidai ta ke, aka yi gwajin masassarar cizon sauro ba a ga komi ba, aka yi masa ƙarin ruwa, ya kwana. Kashegari ya tashi garau kamar ba shi ba. Wannan shi ne karo na shida cikin shekara guda. Kafin mu haɗu ya sha maganin taifot sau biyu, ya sha rubutu, an yi masa turare, wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, har ya ƙetara iyaka an ɗauki hoton kansa da sikaner, hoto ya fito tas. Ya zo mini da leda cike da takardun ordonansi, ya ce: "Malam, kowa ya duba ni sai ya ce ba ni da komi, ni kuwa na san da abin da ke jikina."

Tambaya ɗaya na yi masa. Na ce: "Alhaji, ka taɓa fama da ciwon kai na ɓari ɗaya, mai sara kamar ana daka, wanda ke sa ka gudu daga haske da hayaniya?" Ya yi dariya ya ce ai wannan tun yana saurayi ya ke da shi, gado ne ma, don mahaifiyarsa haka ta ke ɗaure kai da kallabi ta shige ɗaki ta wuni. Ya ce amma mene ne haɗin wannan da jiri? To, amsar tambayar Alhaji ita ce batunmu na yau, domin na tabbata cikin masu karatu, daga ƴan kasuwar Tamaske zuwa ma'aikatan buro na Buza da Keita, akwai masu irin wannan ledar a ƙarƙashin katifa.

Jiri iri-iri ne

Da farko sai mu rarrabe kalmomi, don Bahaushe in ya ce jiri, ko juwa, ko hajijiya, abubuwa da dama ya ke nufi. Akwai wanda in ya miƙe tsaye farat ɗaya sai idonsa ya yi duhu, ya ji kamar zai suma, in ya zauna ya wartsake. Wannan galibi daga jini ne ko ruwan jiki: ƙarancin jini, ƙishirwa, yunwa, gudawa, ko maganin tansiyo da ya yi wa mutum ƙarfi. Akwai kuma wanda ke ganin ɗaki yana juyawa, ko ya ji kamar yana cikin jirgin ruwa alhali yana zaune bisa tabarma. Wannan na biyu shi lokotoro ke kira vertige da Faransanci, kuma shi ne abin da ya sami Alhaji.

Allah ya sa wa ɗan Adam ma'auni can cikin kunnensa, bayan dodon kunne, inda tsinke ba ya kaiwa. A kowane kunne akwai ƴan bututu 3 masu lanƙwasa cike da ruwa, da ƴan jakunkuna 2 masu ɗauke da ƙananan duwatsu kamar garin alli. Aikinsu irin na nibo ne da magini ke ɗorawa bisa bango: da kai ya motsa sai ruwan ya motsa, labari ya tafi ƙwaƙwalwa. Ido ma yana kai nasa labarin, haka ƙafafu da gaɓoɓi da wuya. Shaidu uku ke nan gaban alƙali ɗaya. In bakinsu ya zo ɗaya, mutum ya yi tafiyarsa bai ma san ana shari'a a kansa ba. In suka saɓa, jiri ke nan.

A wasu cututtuka shaida ɗaya ne ke da rauni, watau kunne. Amma a ciwon ɓarin kai, wanda a ke kira migiren, shaidun lafiyarsu lau, alƙalin ne ke da saurin harzuƙa. Ƙwaƙwalwar mai migiren ba ta jure canji: haske kaɗan ya yi mata yawa, ƙara kaɗan ta yi mata yawa, ƙamshin turare ya dame ta, motsi ma haka. Sa'ad da abin ya taso, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da waɗanda ke kai saƙon daidaito suna maƙwabtaka a gindin ƙwaƙwalwa, wutar da ta kama danga ɗaya sai ta lashi ta kusa. Shi ya sa hoton sikaner ke fitowa tas, domin babu ƙari, babu jini, babu abin da ya fashe. Aikin ƙwaƙwalwar ne ke rikicewa na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma daidai.

Cutar tana da suna, tana da sharuɗɗa

Tun a 1861 wani lokotoro na birnin Paris mai suna Prosper Ménière ya nuna cewa jiri na iya tasowa daga cikin kunne, kuma tun zamanin nan masana suka lura jiri da migiren suna yawan tafiya tare. Amma sai a 1999 ne wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Marianne Dieterich da Thomas Brandt, suka yi amfani da sunan da ya zauna, wanda Faransawa ke cewa migraine vestibulaire, mu kuwa sai mu ce jirin migiren. A 2012 ƙungiyoyi biyu na duniya, ta masana ciwon kai da ta masana jiri wadda a ke kira Bárány Society, suka haɗu suka tsara sharuɗɗan gane cutar. Wani bincike da aka yi cikin jama'ar Jamus, aka buga a 2006, ya nuna kimanin mutum 1 cikin 100 na gamuwa da ita a rayuwarsa. Migiren ɗin kansa kuwa ya fi haka yawa nesa ba kusa ba, don kusan mutum 1 cikin 7 a duniya na fama da shi. Mata sun fi maza, a ciwon kan da jirin duka.

Ga sharuɗɗan nan guda 4, na sauƙaƙa su yadda kowa zai iya auna kansa kafin ya je gidan likita.

Na ɗaya, jirin ya zo aƙalla sau 5, kowane zuwa ya ɗauki tsakanin minti 5 zuwa awa 72, watau kwana 3, kuma ya yi ƙarfin da zai dagula aiki ko ya hana shi ɗungum.

Na biyu, mutum yana da ciwon migiren yanzu, ko ya taɓa yin sa a baya, ko da shekaru sun shuɗe.

Na uku, a rabin zuwan jirin ko fiye, akwai ɗaya daga cikin alamun migiren: ko ciwon kai irin nasa, na ɓari ɗaya, mai bugawa, mai ƙaruwa in an motsa, ko ƙin haske tare da ƙin ƙara, ko wani walƙiya-walƙiya da zane mai ƙyalli da ke gilmawa a ido na ƴan mintoci.

Na huɗu, an bincika ba a sami wata cuta da ta fi dacewa da alamun ba.

A lura da sharaɗi na uku da kyau. Bai ce dole kai ya yi ciwo a lokacin jirin ba. Mutane da yawa jirin na zuwa musu kai lafiya lau, illa dai su ji suna son a rufe taga, a kashe rediyo, yara su yi nisa. Sau da yawa kuma ciwon kan ya kan riga jirin da shekaru masu yawa. Akwai matan da ciwon kai ke sakin su sa'ad da al'ada ta ɗauke, sai jiri ya maye gurbinsa, su ɗauka sabuwar cuta ce ta tsufa. Wanda tun yana yaro ba ya shiga mota sai ya yi amai, shi ma a sa masa ido.

Babu awon jini, babu hoto, babu na'urar da ke nuna wannan cuta. Da labarin mai ciwo a ke gane ta. Ke nan mafi tsadar kayan aikin yana bakin marar lafiya, kuma kyauta ne. Abin takaici shi ne mu kan shiga wurin majo mu ce "jiri ni ke ji" mu yi shiru, layi na jira a waje, shi kuma ya rubuta abin da ya saba rubutawa.

Masu kama da ita

Kama da wane ba wane ba ce. Akwai cututtuka da ke sanye da irin rigar jirin migiren, kuma tsawon lokacin jirin shi ne babban abin da ke raba su.

In jirin ba ya kai minti guda, kuma yana zuwa ne sa'ad da mutum ya juya bisa gado, ko ya ɗaga kai zai ɗauko kaya bisa kanta, ko ya yi ruku'u da sujada, to galibi ƴan duwatsun nan na cikin kunne ne suka ɓalle suka faɗa bututun da ba nasu ba. Akwai gwajin da Dix da Hallpike suka bayyana a 1952: a kwantar da mutum da sauri kansa a karkace, a dubi yadda ƙwayar idonsa ke rawa. Maganinsa ma da hannu ne, a juya kan mutum daki-daki har duwatsun su koma gidansu, dabarar da Semont ya bayyana a 1988, Epley kuma a 1992. Ba ya buƙatar allura ko ƙwaya ko ɗaya.

In jirin na ɗaukar minti 20 zuwa awa 12, tare da kunne ɗaya da ke toshewa, yana ƙugi, ji yana raguwa a hankali, to a tuhumi cutar da ke ɗauke da sunan Ménière. Wannan sai an auna ji wurin lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro.

In jiri ne mai tsanani da ya zo sau ɗaya tak, ya kwantar da mutum kwana da kwanaki yana amai, sa'an nan ya riƙa sauƙi sannu a hankali cikin makonni, yana iya zama kumburin jijiyar kunne. Amma wannan ba a yanke masa hukunci a gida, dalili na nan tafe.

Kada kuma a manta da magunguna. Kinin na sa ƙugin kunne da jiri, duk wanda ya sha shi ya sani. Allurar jantamisin da ta sitireftomisin na iya lalata ma'aunin cikin kunne har abada in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Tramol da samari ke haɗiya don ƙarfin aiki shi ma yana sa jiri. Duk abin da mutum ke sha, na farmasi ne ko na tallar kan tire ko na gargajiya, ya faɗa wa mai duba shi.

Alamun da ba a jira da su

Jirin migiren yana wahalarwa amma ba ya kisa. Wanda ke kisa shi ne jirin da ke zuwa daga toshewar jijiyar jini ko fashewarta a bayan ƙwaƙwalwa, watau ɗan'uwan shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka, ko mutum ya saba da jirinsa shekara goma, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a nemi mota nan take, dare ne ko rana: baki ya karkace, magana ta sarƙe, abu ɗaya ya zama biyu a ido, hannu ko ƙafa ta mutu ko ta yi nauyi, mutum ya kasa tsayuwa ko zama sai an riƙe shi, haɗiya ta gagara, ciwon kai ya sauko farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba, kunne ɗaya ya kurmance nan take, suma ko ciwon ƙirji, ko jiri bayan faɗuwa daga moto.

Haka nan wanda ya manyanta, mai hawan jini ko ciwon suga, in jiri mai ƙarfi ya kama shi karo na farko kuma ya ƙi saki, kada a ce a bari a ga safiya. Mace mai ciki da ke ciwon kai tana gani dishi-dishi, a auna tansiyonta a ranar. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1995 da ta 2015 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Hanyar a san ta tun kafin buƙata ta taso: daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa CSI, daga nan zuwa asibitin gunduma na Madawa ko Buza ko Keita, sa'an nan babban asibitin jaha na Tawa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Yamai inda lokotorin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su ke. Mutanen wannan yanki sun san asibitin Galmi ma, wanda ke aiki tun 1950. Wanda ke Garhanga ko Ibohaman ko Karofan ya san damina na iya yanke hanya, ƙorama ta kawo ta hana wucewa, don haka mai hawan jini ya riƙe maganinsa da kyau tun rani.

Kayen jiri

Yanzu ga abin da na gaya wa Alhaji. Na ce: "Alhaji, buhu nawa ka loda ran Laraba ta makon jiya?" Ya zaro kaye daga aljihu ya karanta mini har da kuɗin dako. Na ce: "To jirinka na huɗu, wace rana ya zo, awa nawa ya yi, me ka ci a ranar?" Ya yi shiru. Ɗan kasuwar da ba ya yarda dala ta ɓata ba a rubuce ba, ga shi ya bar ciwon da ya ci masa jikkuna masu yawa babu lissafi.

A sayi kaye na ƴan lakwal, a ja layi, duk ranar da jiri ya zo a rubuta waɗannan abubuwa: kwanan wata, ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya saki, me a ke yi sa'ad da ya fara, ko kai ya yi ciwo, wane ɓari, ko haske da ƙara sun dami mutum, ko kunne ya toshe ko ya yi ƙugi, barcin daren jiya da abincin ranar, da maganin da aka sha. Mace ta ƙara da kwanakin al'adarta. Da boko ko da ajami ko da Faransanci, duk ɗaya ne. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa. Bayan wata 2 ko 3 a kai wa lokotoro. Wannan kaye zai gaya masa abin da hoton jikkuna ɗari ba zai gaya masa ba, zai kuma nuna wa mai ciwon da kansa abubuwan da ke tsokano masa ciwon.

Abubuwan da ke tsokano shi

Kowa da nasa, amma akwai waɗanda suka yi suna, kuma rayuwarmu ta nan cike ta ke da su. Na farko rashin barci, ko barcin da ba shi da lokaci. Ɗan kasuwar da ke bin albasa daga Madawa zuwa Akara ko Abijan ko Kwatano yana kwana nawa bisa hanya, barci rabi da rabi a bakin iyaka. Na biyu ƙetare abinci: ma'aikacin da ke fita buro da kofi ɗaya na Nescafé, ba zai sa komi a ciki ba sai la'asar. Na uku ƙishirwa da rana, ga shi kuwa kakar albasa na faɗowa ne daidai watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40. Na huɗu shayi da goro da kofi: yawansu na tsokana, yanke su farat ɗaya ma na tsokana, shi ya sa kwanakin farko na azumi ke yi wa wasu nauyi. Na biyar damuwa, ta bashi ce ko ta aiki ko ta gida, har ma da hutun da ke biyo bayan damuwa. Sai al'adar mata, da turare mai ƙarfi, da hayaƙi, da ƙyallin rana bisa dutse da kwalta, da daɗewa gaban ordinatar ko salula, da cunkoson kasuwa inda komi ke motsi a ido.

Ba a ce a bar kasuwa ko a ajiye aiki ba. A daidaita abin da ke daidaituwa: lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya, har ranar hutu, karin kumallo kafin fita, gorar ruwa a kusa, shayi a tsaya a ƙima ɗaya, kuma kada ya kai dare, tabarau mai duhu da malfa a rana, tafiyar ƙasa ta rabin awa da sanyin safiya ko maraice. Mai shirin azumi ya fara rage shayi mako 2 kafin wata ya kama, ya jinkirta sahur, ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da asuba. Wanda ciwon ya kayar da shi da rana, addini ya yi wa marar lafiya sauƙi, ya tambayi malaminsa.

Sa'ad da ya taso, da kuma maganin riga-kafi

In jirin ya taso, a zauna ko a kwanta nan take, wuri mai duhu da shiru, a kafa ido bisa abu ɗaya da ba ya motsi. Mai tuƙi ya sauka gefen hanya ya kashe inji. Hawa da gangaren Dutsin Adar tsakanin Buza da Keita ba wurin gwada jarumta ba ne. Mace kada ta matsa bakin rijiya ko murhu, magini ya sauko daga bango. In akwai ciwon kai, a sha parasetamol tun da wuri, babba kada ya wuce giram 3 a yini. Asfirin da ibuprofen suna aiki, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai ciki. Lokotoro na iya ba da maganin tsai da amai, da maganin kwantar da jiri na kwana 2 ko 3 kacal, domin daɗewa a kansa na hana ƙwaƙwalwa koyon daidaita kanta.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. Wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 in irin mai haɗe-haɗe ne ko Tramol, maganin da kansa zai koma ya riƙa haifar masa da ciwon kai na kullum. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan. Balle maganin kan tire da ya wuni a rana, ba a san ranar da aka yi shi ba, ba a san abin da ke ciki ba.

In jirin na zuwa sau da yawa a wata har yana hana neman abinci, akwai magungunan da a ke sha kullum don rage zuwansa, irin su propranolol, amitriptyline, flunarizine, topiramate da valproate. Lokotoro ne ke zaɓa, don kowanne da mutanen da bai dace da su ba: propranolol ba na mai asma ba ne, valproate da topiramate na iya cutar da ɗan da ke ciki. In aka rubuta wa mutum amitriptyline kada ya firgita don ya ji ana ba masu ciwon damuwa. Ƙima kaɗan a ke sha da dare, aikinta daban. A kan fara da kaɗan a ƙara a hankali, a ba shi wata 2 zuwa 3 kafin a ce ya yi ko bai yi ba, kuma in zuwan ciwon ya ragu da rabi an ci riba. Gaskiya ɗaya ce: bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2023 ta nuna hujjar da a ke da ita kan waɗannan magunguna a jirin migiren ba ta da ƙarfi tukuna, an aro su ne daga maganin ciwon kan. Saboda haka in na farko bai karɓi mutum ba a koma a gwada wani, kuma duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana 3 kuɗi ya ke nema. Wanda rangaji ya zauna masa tsakanin zuwa da zuwa, akwai motsa kai da ido da a ke koyarwa a sashen kine, yana taimakawa.

Gargaɗi na musamman ga mata: wadda ke ganin walƙiyar nan a ido kafin ciwon kai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ta ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu, don tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita, ta faɗa wa ungozomar asibiti.

Ga iyali da shugabannin aiki

Ciwon da ba ya zub da jini, ba ya kumbura, ba ya fita a hoto, mai shi na shan zargi. A buro a ce malalaci ne, ya ƙi zuwa turne. A gida a ce amarya son jiki ta ke yi, ko kishiya ta yi mata wani abu, ko iskoki ne suka taɓa ta. Na san gidan da zargin sammu ya raba ƴan'uwa, alhali uwa da ɗiya da jika duk ciwon ɓarin kai ke gare su, gado ne kamar tsawo da hasken fata. Addu'a ba ta hana kaye, kaye ba ya hana addu'a. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗora wa bayin Allah laifin abin da ke cikin jini. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da tuddai a zamanin aikin raya karkara da aka fara a 1984, ba su ne za a koya wa juriya ba. In irinsu suka ce ƙasa na juyawa, a ba su ɗaki mai duhu da awa biyu na shiru, a karɓar musu tulu.

Shi kuwa Alhaji ya riƙe kayensa wata 3. Zuwa 4 ya rubuta, 3 daga ciki kashegarin kwanan hanya ne, duka 4 kuma ya gudu daga haske. Ya kai wa lokotoro, aka duba kunnensa da idonsa da tafiyarsa, aka auna tansiyo yana kwance da yana tsaye, aka sa wa ciwon suna, aka ɗora shi bisa ƙwaya ɗaya da dare. Jirin bai rabu da shi ɗungum ba, amma ya ragu ƙwarai, kuma yanzu in ya ji alamarsa ya kan miƙa wa yaronsa lissafi ya shiga rumfa ya kwanta, ba tare da tunanin mutuwa ko maƙiya ba. Ledar ordonansi kuwa ya ce ya ajiye ta don ta riƙa tuna masa abin da rashin tambaya ɗaya ya ci masa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu ita. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.